Abin da Na Ji a Ɗakin Likita

Litinin, 3 ga Fabrairu
Yau Gunu aka shigo da shi, wanda zai auri ƙanwata Bake wata mai zuwa. Na ce wa likita surukina ne, a nemo wani tafintan. Ta ce duk asibitin ba mai jin Faransanci da yarenmu sai ni. Ta duba sakamakon jininsa, ta faɗa. Ni na juya masa da bakina: yana ɗauke da ƙanjamau. Bai kalle ni ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Inna da Bake suna ta lissafin doya da cukun biki. Na ce kaina ke ciwo, na shige ɗaki.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Abin da aka faɗa a ɗakin likita ba nawa ba ne, aron kunnena da bakina aka yi. Idan na fitar da na mutum ɗaya, wa zai ƙara buɗe baki a gabana a garinmu Nikki? Na sani. Amma Bake ce. Ni na goya ta.

Talata, 11 ga Fabrairu
Gunu ya dawo karɓar magani. Likita ta tambaya ko ya sanar da amaryar. Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, ki ce mata na faɗa."
Na ce wa likita, "Ya ce in ce miki ya faɗa." Sannan na gaya masa abin da na ce, kalma da kalma. Likita ta ja kujera kusa da shi, suka daɗe, ni ina tsakani.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Babu alamar ya faɗa wa Bake. Idan ranar biki ta zo bai faɗa ba fa? Ban san me zan yi ba, wallahi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Ya faɗa mata jiya. Ta same ni ina wanki.
"Kin sani, Yaya?"
Na ce ba na maganar marasa lafiya.
"Ko da ni ce zan kwana a ciki?"
Na ci gaba da wankina. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Inna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Sun zo asibiti tare da Gunu, an gwada ta, ba ta da komai. Zancen biki kuwa ba ta ce a fasa ba, ba ta ce a yi ba. Har yanzu ba ta yi mini magana a gida. Amma da likita ta fara bayani, Bake ta ce, "A hankali, Yaya, kada ki rage mini komai."
Da za su fita Gunu ya gaishe ni. Ina jin na amsa.