Ƙararrawar Baba Jethro

Maigatari, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Kaka Dinah, ginshiƙin zuriyarmu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya gwiwoyinki, yaya mutanen Zonkwa? Jikanki, Mai Girma Sakataren Matasan Ikkilisiyar Baptist, yana nan cikin ƙoshin lafiya da matsanancin tashin hankali.

Kin tuna zamanin da ku bakwai, ma'aikata baƙi, kuke sujada kan tabarmi a gindin darbejiya, Baba Jethro yana buga wilin babbar mota da ya rataye a reshe a matsayin ƙararrawa? Yau mun haura ɗari uku, ga sabon gini, ga lasifika. Ranar share fili, hikimata mai zurfi ta hukunta cewa wilin nan tarkace ne, na miƙa wa 'yan gwangwani. Na bi sawunsa har Gumel, aka tabbatar mini ya wuce Kano.

Ga shi Baba zai zo bikin keɓe ginin, kuma a wasiƙarsa bai tambayi kowa ba sai ƙararrawarsa. Shekara talatin yana buga ta. Ki taya ni rufa asiri, ko ki fara shirya makokina.

Jikanki mai jiran hukunci,
Chris

Maigatari, 24 ga Nuwamba

Kaka abar girmamawa,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwoyin da suka hana ki zuwa sun sassauta. Ga rahoton shari'ata.

Baba ya sauka ranar Asabar, ko ruwa bai sha ba ya nufi darbejiya. Ya daɗe yana kallon igiyar da ke lilo ita kaɗai. Na tanadi jawabi mai shafi biyu, amma da na ga ya cire hula sai na faɗi laifina a kalma huɗu.

Da safe Malam Dogo, maƙwabcinmu manomi da kuke aron tabarminsa, ya zo da tsohuwar garma a madadin wilin. Ashe da bugun Baba iyalin Malam Dogo suke sanin hantsin Lahadi ya yi, a kai abinci gona. Tsofaffin biyu suka rataye ta tare. Muryarta siririya ce, amma matan zumunta na zamaninku sun share hawaye.

Da Baba ya gama bugawa, ya damƙa mini guntun ƙarfen da yake bugawa da shi a gaban jama'a. An yanke mini hukuncin bugawa kowace Lahadi, ba ranar sallama. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Jikanki, Sarkin Ƙararrawa na Biyu,
Chris