Rigar Desmond mai lamba sittin da huɗu

Harlow Creek, Jojiya
9 ga Agusta, 1994

Zuwa ga ɗana Wendell,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can Alaska. Allah ya kare ka daga sanyin ƙasar nan da injinan haƙar man da kake wuni a cikinsu, ya dawo mana da kai da yatsunka goma cif. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ko kaji sun daina yawo da rana. Gwiwata ta yi sauƙi tun da na daina hawa tsani, kuma ba don maganar likita na daina ba, matarka Charlene ce ta ɓoye tsanin. Tana nan tana fama da aikin asibiti. Autarku Nadine ta zubar da haƙora biyu na gaba, amma hakan bai hana ta tsayawa a sahun farko na mawaƙan coci ba. Kuɓewa ta yi kyau bana, har maƙwabta sun fara gudu in sun hango ni da kwando.

To, yanzu ka gyara zama, don tun Laraba bakina yake ƙaiƙayi. Ba labari aka ba ni ba, da idona na gani, gani kuwa ya kori ji. Ranar ni da Pearline ta cocinmu muka kai wa yaran makaranta kankana a filin ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu. An tashi daga atisaye, kowa ya cire hular kwano yana haki, sai wani ya buga ƙwallo ta tafi can gindin shinge, inda ɗanka Desmond yake tsaye yana shan ruwa. Koci Hargrove ya daka tsawa a kawo masa ita. Ka san ɗanka da ƙyuya in ya gaji. Maimakon ya taka, sai ya sunkuya ya ɗauka da hannun hagu ya wurgo ta. Wendell, ƙwallon nan ta taso tana juyawa tana fito, ba ta karkace ko kaɗan ba, ta yi yadi hamsin da wani abu, ta sauka a ƙirjin Koci har usur ya faɗo daga bakinsa. Koci ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, yara suka nuna Desmond, shi kuwa ya fara ba da haƙuri, a zatonsa zagayen fili za a sa shi. Koci ya ce ya rufe masa baki ya sake. Ya sake. Ya ce ya ƙara. Ya ƙara, duk a wuri ɗaya. Sai mutumin nan ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ya ce ashe shekara uku yaron nan yana duƙe a tsakiyar layi yana miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafu kamar kaza mai saka ƙwai, alhali da wannan hannu a jikinsa, bai taɓa faɗa wa kowa ba? Desmond ya sosa ƙeya ya ce ai ba a tambaye shi ba. Ni kuwa na kurma ihu da wuƙar kankana a hannu, har Pearline ta ce in ajiye wuƙar tukuna sannan in yi murnar.

Ga yadda ake ciki. Kwatabak ɗinsu na bara, wato mai jifan ƙwallo da ke jan ƙungiya, ya gama makaranta, saura yaron gidan Pruitt, wanda ba laifi, sai dai in an biyo shi yakan rufe ido kafin ya jefa. Koci ya ce ran Juma'a ashirin da shida ga wata akwai wasan sada zumunci, zai ba kowannensu rabin lokaci, wanda ya fi, shi zai ja ƙungiyar bana. Ya ce abin da ya ƙara ba shi sha'awa, Desmond ya riga ya haddace dabarun wasan duka, don shekara uku yana gaba yana karanta idanun abokan hamayya. Matsala ɗaya, ƙwallon bahago juyin baya take yi, yaran da ke kamawa ba su saba ba, sai ta riƙa sulluɓe musu kamar sabulu. Don haka kullum da yamma bayan gidana ya zama fili. Na rataya masa tsohuwar taya a bishiyar pekan, yana zura ƙwallo ta cikin ramin, abokansa na tsaye a baya suna koyon kamawa. An fasa min tagar ɗakin kaji, ban ce uffan ba. Shekaranjiya ma na ce a jefo min in gwada, na tsinci kaina zaune a cikin kuɓewa da ƙwallo a cinya. Desmond ya ce wai a duk masu kamawarsa ni kaɗai ce ban yar ba, zai kai sunana wurin Koci. Ban taɓa ganin yaron nan yana dariya haka ba. Abinci ma a tsaye yake ci.

Sai dai jiya murnar ta tsaya masa a wuya, kuma dalilin wannan takarda ke nan. Koci ya gaya masa lamba sittin da huɗu ta 'yan layi ce, masu tare abokan hamayya a gaba, in zai koma jifa dole ya cire ta ya ɗauki ƙaramar lamba, kuma yana son amsa ran Litinin ashirin da biyu, ranar da za a kai riguna ɗinki. Ya dawo ya zauna kusa da ni ina ɓarar wake, ko tayar bai kalla ba. Da na matsa masa, ya ce kakansa Otis sittin da huɗu ya sa, babansa sittin da huɗu ya sa, ga hotunan nan biyu a bango yana wucewa ta gabansu kullum. Ya ce tun yana ƙarami yake jin kana cewa mazan gidan Tillman katanga ne, ba tuta ba, kuma kwatabak shi ne yaron da uwarsa ba ta wahalar wanki, don rigarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ce ranar da aka ba shi rigar nan har ƙwalla ya gani a idonka. Saboda haka in ba ka yarda ba, zai ce wa Koci a bar maganar, ya koma ya duƙa inda yake. Ka tuna da ka kira ran Lahadi ya yi ta tambayarka yanayin gari? Maganar jifan ce a bakinsa ya kasa fitar da ita. Yaro mai shekara goma sha shida, ƙato kamar ƙofa, yana murza ɓawon wake yana ce min Kaka, ba na son Baba ya ga kamar na raina shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi ba, ba da kai ba, da kaina.

Na san abin da za ka ce, kyan ɗa ya gaji ubansa. Gaskiya ne, amma bari in tuna maka abin da ya gada. Kana shekara goma sha huɗu, wa ya hau bishiyar pekan ɗin nan ya ɗaura taya? Wa yake fita da sassafe yana jifa kafin motar makaranta ta zo? Ina kallonka ta tagar kicin, ina ƙirgawa, akwai ranar da ka zura goma sha tara a jere. Sannan babanka, Allah ya ba shi hutawa, ya dube ka ya ce jikinka na layi ne, kuma a zamanin nan ba wanda zai ba yaro baƙar fata irinka jifa, kada ka ɓata wa kanka rai. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Ba mugunta ba ce, tsoro yake ji a wulaƙanta ka. Ka shiga rumbu ka daɗe, ka fito da jajayen idanu, ka ce ƙura ce. Ni kuma ina tsaye da cokali a hannu ban ce komai ba, har yau shekara ashirin da uku. Ka zama ɗan layi na ƙwarai, duk garin nan ya shaida, amma tun daga ranar ka fara zolayar masu jifa, kuma ni na san daga inda zolayar ta fito. Na yi shiru sau ɗaya, ba zan yi na biyu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, hannun nan naka ne, sai dai shi ta hagu ya fito masa.

Ban faɗa maka a waya ba, don minti biyar da layin mutane a bayanka ba za su ɗauki wannan magana ba, kuma muryata ba za ta kai ƙarshe ba. Abin da nake roƙo, ka kira ran Lahadi ashirin da ɗaya, bayan an taso coci. Zan tabbata yana kusa da wayar ko da zan zauna a kansa ne. Ban sani ba ko zai doke yaron Pruitt, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni dai so nake ya shiga filin nan da sanin babansa na bayansa. Ran Juma'ar kuwa, ni da Pearline mun riga mun kama kujerun gaba, ta ce za ta zo da auduga ta toshe kunne.

Ka gaishe min da ɗan uwanka Floyd da matarsa Bernice in ka sauka Anchorage, ka ce mata na ga hoton jaririn, hancin gidanmu ne. Charlene tana gaishe ka, ta ce ka sa safar da ta aiko. Nadine ta ce a gaya maka haƙoranta na nan a kwalba sai ka dawo ka gani. Gwaggonka Lucille da Fasto Whitlow suna sa ka a addu'a.

Abu na ƙarshe. Tayar da Desmond yake jifa a cikinta, taka ce. Ranar da babanka ya yanke ta, na gangara da ita bayan rumbu na rufe da buhu. Igiyar kawai na canza. Yaron bai san ta wane ne ba, kuma ba ni zan gaya masa ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Odessa Tillman