Masu Hula Mai Duhu

Laraba, 21 ga Oktoba, 2020
Abu ɗaya nake so, Baban Mubina ya fito daga asibitin nan da ƙafarsa. Ban iya rubutu ba, waya nake faɗa wa. Korona ce. Shi an tafi da shi, ni an ɗaura min abin hannu ruwan hoda na waɗanda aka killace, ba fita, daga ni sai jaririya a benen nan na unguwar Sentul, a ƙasar mutane inda yake karatu. Ya ce kar mahaifiyarsa Iya ta ji, hawan jininta. Kar kowa a Kano ya ji.

Aiki ya ba ni. Wai ana wasannin ƙarshe na ƙwallon besbol a Amurka, abin da wani abokin karatunsa ɗan Japan ya cusa masa. A kife suke kwantar da shi saboda numfashi, ba ya iya kallo. In kalla da safe in tura masa murya, nas ta kara masa a kunne. Nasa masu hula shuɗi mai duhu, waɗancan shuɗin bula. Wanda ya fara ci sau huɗu shi ke da kofi. Yau an ci nasa.

Alhamis, 22 ga Oktoba
Sun rama. Na ce masa wani ya maka wa ƙwallo taɓarya har ta tsallake katanga. Ya turo, "Ba taɓarya ba ce, Zuhra." Kafin ya kai sunana sai da ya ja iska.

Asabar, 24 ga Oktoba
An ci su. Halimatu maƙwabciyata ta rataye mana tapau, ƙunshin abinci, a ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta gudu. Jikin Mubina ne da zafi ko hannuna ne?

Lahadi, 25 ga Oktoba
Wayyo yau! Har na cire rai. Sai ga nasa ɗaya ya sheƙo a guje, ya yi tuntuɓe ya kifa ƙasa tim. Na ce shi ke nan. Ashe ƙwallon ta kuɓuce wa na waɗancan mai tsugunon cafe ta, mutumin ya rarrafa ya dafa wurin da ake cin maki, wai sun ci! Na yi ihu har yarinya ta firgita. Sau uku na maimaita masa. Dariya ya fara, tari ya ƙwace, na ji nas tana "slo, slo lah", wai ya bi a hankali, aka yanke. Ni na jawo masa? Allah na tuba.

Iya ta kira. Na ce yana makaranta. Ta ce, "Ranar Lahadi, 'yar nan?"

Litinin, 26 ga Oktoba
An ci su. In aka ƙara, an gama. Likita ya kira da Turanci, oksijin kawai na tsinta. Shi bai turo komai ba.

Laraba, 28 ga Oktoba
An gama. Waɗancan na tsalle a kan juna, nasa sun jingina da ƙarfe suna kallo. Na daɗe riƙe da wayar. Mutumin da kullum abin da yake jira ke nan, in ce masa babu na gobe? Na danna na ce, "Albishirinka, kun ci, sai wasa na bakwai." Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin ya ba ni tsoro.

Da la'asar ya turo. Kalma ɗaya. "Gobe."

Alhamis, 29 ga Oktoba
Yau Maulidi, ko'ina tsit. Asibiti sun kira, na tura wayar ta ƙarƙashin ƙofa Halimatu ta ji min. Ta ce, "Maman Mubina, sun sa shi barci, inji ke masa numfashi." Na ce murya fa? Ta tambaye su. Wai in turo, za su kara masa.

Na tura. Na ce ruwa aka yi, an ɗaga wasan, ya jira.

Na kasa ɗaukar wannan ni kaɗai. In faɗa zai yi, ya tashi ya yi. Na gaya wa yayansa Abdulgani. Iya ma na gaya mata, da bakina.