Saura Taku Goma Sha Biyu

Zuwa ga Yayana Elwood,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Lorna da yara a can Alberta. Allah ya sawwaƙe maka ciwon bayan nan. Mu nan Maine da sauƙi. Baba yana cin abinci, yana faɗa da rediyo kamar kullum, ƙafar ce dai ta ƙi.

Yaya, maganar wurin kumbar Baba na bakin teku ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna jajayen taurarin teku, halittun nan masu hannu biyar da muka taso muna gani a gindin duwatsu, suna ɓare kumba suna ci. Baba bai taɓa yarda a kwashe su ba, yakan ce masu gadi ne, abin da suka ci ladansu ne. To a watan Afrilu mijina Merrill, sarkin dabara, ya ce ya gaji da ciyar da ɓarayi. Sati uku yana jan igiyoyi a bayan kwalekwale, suna maƙalewa, yana zuba su a gonar dankali su zama taki. Ni ma na taya shi, ba zan ɓoye maka ba.

Ashe akwai waɗansu taurarin tekun 'yan kudu, ruwan toka masu ɗigon ruwan lemo a baya, da suka daɗe raɓe a can ƙasa, jajayen sun tare musu abinci. Da suka ga fili sai suka hauro, wani kan wani. Ba sa sauri, ba sa komawa. Inda suka wuce sai ɓawo a buɗe. Merrill ya koma jan igiya har tafin hannunsa ya fashe, amma in ya kwashe ɗari, washegari dubu ne a wurin. Yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da Baba.

Baba kuwa sai ya shiga awo. Duk sanda ruwa ya janye sai in riƙe shi mu gangara, ya kafa sanda a inda masu ruwan tokan suka kai. A Yuli taku sittin ne daga sandar zuwa ƙarshen kumba. Jiya goma sha biyu muka ƙirga.

Da muka hauro ya ce da ni, "Verna, rubuta wa yayanki. In yana son ya ƙara shan romon kumbar gidan nan, kada ya jira Kirsimeti." Daga nan ya wanke manjagararsa ta haƙar kumba, ya shafa mata mai, ya rataye ta a bango. Ka san shekara hamsin ba ta taɓa hawa bango kafin sanyi ba.

Ka gaishe mini da Lorna, da Thaddeus, da 'yar auta Maybelle. Ka zo, Yaya, tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Verna