Zuriyar Neblina

Gandun Cerro Pardo, Janairu

Zuwa ga ƙanwata Herminia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Nicanor da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa. Ni ma lafiya nake, sai dai iska da ba ta hutawa.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke halin da ake ciki game da karyata Neblina. Kin san asalinta. Kakanninta sun sauka ƙasar nan tare da makiyayan Sikotland, kakanmu ya karɓi kwikwiyo guda a hannunsu, tun daga nan jinin bai bar gidanmu ba. Irinsu masu gemu ne, gashi ya rufe musu ido, ƙanƙara ba ta hana su aiki, kuma fito ɗaya ya ishe su su juyo garke daga bayan tudu. Yanzu samari sun fi son karnukan waje, an yi ta gauraya iri, har ta zama ita kaɗai ta rage a tsatsonmu. Tana da ciki, na karen maƙwabcinmu Abelardo Barría, wanda shi ma jininsa bai gauraya ba.

A makon jiya, muna hawa da tumaki zuwa ciyawar tsauni, na same ta a kwari kan ɗan tunkiya. Ba mushe ta tarar ba, a gabana ta kama shi. Na yi mata fito, ta dube ni, ba ta saki ba.

Ƙa'idar ba baƙuwarki ba ce: karen da ya ɗanɗani ɗan tunkiya, harsashi ne rabonsa. Belarmino, shugaban makiyayan gandun, ya miƙo mini shayin mate ya ce, "Haba tsoho, mu ce puma ce mana, damisar tsaunin nan. Ni ma na gan ta, har da gemunta." Na ce, "Yaro, ranar da ta faɗa garken Abelardo, pumar taka ce za ta ba shi haƙuri?" Abin da na roƙa kawai, a jira ta haihu ta yaye. Ya amince. Yanzu tana ɗaure a bayan ɗakina.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Erasmo Cárcamo

Gandun Cerro Pardo, Afrilu

Ƙanwata Herminia,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyin da ya fara shigowa? Amsarki ta iso, na kuma gode da tayin da kika yi na ajiye Neblina a gidanki na gari. Ba zai yiwu ba. Watannin nan da ta yi a ɗaure, duk safiya in garke ya fita sai ta ja igiya har wuyanta ya saɓule. Ba zan ƙara mata shekaru a kan wannan ba.

Ta haifi huɗu, mata uku da namiji, sun fara cin nama. Abelardo ya zaɓi tasa, kamar yadda al'ada ta ba mai uba. Sauran ba na sayarwa ba ne, ni kuma ba zan riƙe ko ɗaya ba. Irinsu fiton mutum ɗaya suke koya, shekaruna kuwa ba su kai in raka kwikwiyo har girmansa ba.

Saboda haka ina roƙon 'ya'yanki uku da ke kiwo su zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya, kowa ya ɗauki guda, ya haɗa shi da tsohon kare mai hankali. Kada a haɗa su da karnukan waje. Kada kuma kowa ya je wa Belarmino da roƙo. Ya riga ya yi iyakar abin da zai iya. Washegarin tafiyarsu zan hau tudu da Neblina da bindigata, ni kaɗai, ba na bukatar ɗan rakiya.

Ina neman haɗin kan dangi baki ɗaya a kan wannan, babba da yaro.

Yayanki,
Erasmo Cárcamo