Shaidar da Na Ba da a Kan Gado

Zurmi,
3 ga Afrilu, 2000.

Zuwa ga jikata, amaryata Sa'ida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin koma Sakkwato lafiya. Yaya karatu, yaya marasa lafiyarku? Kakarki Rekiya tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Tun da kika ce an kai ku sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, babu wanda ban faɗa wa ba a kasuwa. Amma ba murna ta sa na ɗauki biro ba. Tsawar da na yi miki a zauren Gado ta hana ni sakewa. Na ga kin sa abokina, dattijo, yana taɓa hancinsa da yatsa, yana bin layin tabarma da ƙafa, kina ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar gudumar roba, sai na ɗauka wasa kike da shi. Kin ce hannun hagu kaɗai ke kuskure hanci, giya kuwa ba ta zaɓen gefe. Na ce ki rufe baki.

Ga abin da ban gaya miki ba. Da aka kai Gado gaban alƙali bisa zargin shan giya, don yana tangaɗi, harshensa na karyewa, ni ne shaida na biyu. Shekara talatin muna auna dawa rumfa ɗaya. Da shari'a ta zo, kowa na son a ga ba ya rufa wa kowa asiri, ni ma na so a gani. Aka tambaye ni ko na ji warin giya, na ce na ji. Sa'ida, ban ji ba. Tangaɗin kawai na gani.

An ɗaga zama zuwa ashirin ga wata. In aka same shi da laifi, bulala tamanin ce. Na lallashi matarsa Tani, za ta kawo shi asibitinku ranar Laraba. Don Allah ki nuna shi ga malaminku.

Kakanki,
Hammadu.

Zurmi,
22 ga Afrilu, 2000.

Sa'ida,

Ina gaishe ki, ina gaida malaminku, Allah ya saka masa da alheri. Muna lafiya.

Tani ta ba mu labari. Ta ce ku goma kuka kewaye gadon, malamin ya ce ke za ki fara, kika yi bayani, ya sa kika maimaita gwajin ido har sau uku, sannan ya gyaɗa kai. Rekiya ta yi guɗa. Ni na fita bayan gida na yi kuka, ban san na murna ne ko na kunya ba.

Alƙali ya karanta takardar asibiti, cewa hawan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙeyar ƙwaƙwalwa. Da na yi shiru, da takardar ta isa. Na miƙe na ce ƙarya na yi kan wari. Ya yi mini faɗa gaban jama'a, ya ce ba zai ƙara karɓar shaidata ba. An sallami Gado.

Jiya na je gidansa. Maganarsa tana fita da ƙyar, na durƙusa na jira har ya gama. Ya ce bai yafe ba tukuna, kada in matsa masa. Amma ya ce ku kun ce ya riƙa tattaki kullum, Tani kuwa ba ta iya tare shi in ya karkata, saboda haka in zo da hantsi.

Ki rubuto mini, ta wane gefe zan tsaya, kuma taku nawa ya kamata a rana?

Naki har kullum,
Hammadu.