Baba Mai Allura Ya Tafi Ya Bar Ƙafa ta Huɗu

Cikin alhini da karayar zuciya, mai girma shugaba, shehunan malamai da ɗaukacin ma'aikatan gidan adana kayan tarihi suka samu labarin rasuwar dattijon arziki, ubanmu, babban ma'aikacin ɗakin gyaran ƙasusuwa, wanda aka fi sani da Baba Mai Allura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara ashirin da shida marigayin ya yi shi kaɗai a ɗakin ƙasa, yana ƙwaƙular dutse da allura domin ya fito da ƙwarangwal ɗin wata dabba da irinta ya ƙare tun shekaru miliyoyi da suka wuce, mai kai kamar na kifi amma da ƙafafu huɗu. Bai taɓa yarda da inji ba. Idan ya kasa bambance ƙashi da dutse, sai ya ɗora a harshe, wanda ya manne shi ne ƙashi. In muka tsokane shi cewa ya lashe rabin dutsen, yakan ce, "Ni da dabbar nan mun saba, ku ne baƙi."

Ƙafa uku ya haɗa. Ta huɗu a ragargaje aka tono ta, ya rarraba gutsattsarin cikin kwalin ashana tamanin da ɗaya, kowanne da alamar da shi kaɗai ke iya karantawa. Sau uku yana rubuto takarda a ba shi wanda zai koya wa, sau uku muna cewa sai baɗi. Wallahi laifinmu ne, kuma abin yana cin ranmu. Har ma a wannan karo na ƙarshe, kwana biyu ya yi bai zo aiki ba kafin wani ya lura, saboda mun saba ganin ƙofarsa a rufe.

Mun tambayi 'yarsa tilo ko ya bar littafin alamomin. Ta ce babu. Da baki yake musu bayani wajen cin abinci, ita da mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, su yi ta dariya, su tashi su bar shi.

Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba 'yarsa da jikokinsa haƙurin jure wannan babban rashi.

Muna roƙon duk wanda marigayin ya taɓa nuna wa ma'anar alamomin nan, ko guda ɗaya ce, ya dubi Allah ya zo ya same mu. Mun bi ma'aikata sittin ɗaya bayan ɗaya da wannan tambaya. Ba a samu wanda ya taɓa jan kujera ya zauna kusa da shi ba, har da ni mai wannan rubutu.

Sa hannu:
Kakakin Gidan Adana Kayan Tarihi,
a madadin shugaba da ɗaukacin ma'aikata.